Taura Biyu a Baki: Rayuwar Pelham Warner, Ɗan Kurket kuma Ɗan Jarida

A watan Agustan 1932, a filin Oval da ke birnin Landan, ƙungiyar kurket ta gundumar Yorkshire ta kara da ta Surrey. Wani dogon saurayi mai suna Bill Bowes ya riƙa jefa ƙwallo yana buga ta da ƙasa tun daga nesa, domin ta yi tsalle ta nufi ƙirji da kan Jack Hobbs, gwanin da Ingila ta fi ji da shi a zamanin. Hobbs ya nuna ɓacin ransa a fili. Wakilin jaridar Morning Post kan harkar kurket ya yi rubutu mai zafi, inda ya ce irin wannan jifa ba kurket ba ce, kuma idan aka bari ta yaɗu sai hukumar wasan ta sa baki.

Sunan wakilin Pelham Warner. Shi ne kuma shugaban kwamitin da ke zaɓar 'yan wasan Ingila a wannan shekara. Kwanaki kaɗan kafin tawagar ƙasar ta hau jirgin ruwa zuwa Ostireliya, aka ƙara sunan Bowes a cikinta, Warner kuma ya bi ta a matsayin manaja. Cikin wata biyar, irin jifar da ya la'anta da alƙalaminsa ta zama makamin tawagar da yake jagoranta, har ta kusa ɓata zumuncin ƙasashe biyu. Abin da ya faɗa da abin da ya ƙi faɗa a wancan lokaci shi ne ma'aunin da ake auna shi da shi har yau.

Wasan da tsarinsa

Kurket wasa ne na mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare. A tsakiyar fili akwai wani zirin ƙasa mai tsawon kusan mita 20, a kowane ƙarshensa an kafa sanduna uku. Mai jifa yana sheƙowa da gudu ya jefa ƙwallon fata mai tauri, wadda nauyinta ya kai kimanin giram 160, da nufin ya ture sandunan ko ya sa mai bugu ya ɗaga ta sama a cafe. Mai bugu kuwa yana tsaye da faffaɗan katako yana kare sandunan, yana kuma neman maki. Wanda ya tara maki ɗari a tsayuwa guda ya yi abin a yaba. Wasan ƙasa da ƙasa mafi daraja shi ake kira Test, kuma yana ɗaukar kwanaki.

A Ingila, ƙashin bayan wasan shi ne gasar gundumomi, wadda ta samu tsari na hukuma a 1890. Dokokinsa kuwa suna hannun wata tsohuwar ƙungiya ta masu hali, Marylebone Cricket Club, wadda aka fi sani da MCC, da aka kafa a 1787, mai mazauni a filin Lord's. A zamanin Warner, a ƙarƙashin wannan tsari 'yan wasa sun kasu gida biyu. Akwai 'ya'yan manya, waɗanda ake ɗauka suna wasa don sha'awa ba don kuɗi ba, akwai kuma masu wasa don albashi, waɗanda yawanci 'ya'yan talakawa ne daga ma'adinai da masaƙu. A filaye da dama ɗakin sauya tufafinsu daban, ƙofar shigarsu fili daban, har yadda ake rubuta sunayensu a takardar maki daban. Kyaftin kusan kullum daga 'ya'yan manya yake fitowa, aikin jifa mai cin jiki kuma ya fi faɗawa kan 'yan albashi. Wanda bai riƙe wannan rabe-rabe ba, ba zai fahimci Warner ba.

Daga Tirinidad zuwa Lord's

An haifi Pelham Francis Warner a ranar 2 ga Oktoba 1873 a Port of Spain, babban birnin tsibirin Tirinidad, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Mahaifinsa, Charles Warner, ya daɗe yana riƙe da muƙamin babban lauyan gwamnatin tsibirin. Gidansu na cikin tsofaffin gidajen Turawan mulkin mallaka a yankin Karebiyan. Yaron ya yi karatu a Barbados, daga nan aka tura shi makarantar Rugby a Ingila, sannan ya wuce jami'ar Oxford. Ya karanci aikin lauya har aka rantsar da shi, amma kotu ba ta ga fuskarsa sosai ba. Tun 1894 ya fara buga wa gundumar Middlesex wasa, wadda Lord's ne filinta na gida, kuma a nan ya kafa sansani har ƙarshen rayuwarsa. Abokai suna kiransa Plum.

Ba ƙaƙƙarfa ba ne, kuma ciwo ya riƙa damunsa lokaci zuwa lokaci. Abin da ya ɗaga shi shi ne natsuwa, da tsabtar bugu, da iya zama da manya. Ya shiga tawagogin da Lord Hawke ke kaiwa ƙasashen daular Birtaniya, kuma a wasansa na Test na farko, a Johannesburg a 1899, ya buɗe bugu ya tsaya har abokan wasansa duka suka fita, yana da maki 132. A cikin waɗannan tafiye-tafiye ne ya gano wata hanyar samun abinci da ba za ta zubar masa da matsayinsa na ɗan manya ba. Dokar zamanin ta hana irinsa karɓar albashi don wasa, amma ba ta hana shi karɓar kuɗi don rubutu a kan wasan ba. Littafinsa na farko, Cricket in Many Climes, ya fito a 1900. Daga nan katako da alƙalami suka riƙa tafiya tare a jakarsa.

Mutumin da ya farfaɗo da Toka

A 1903 MCC ta ɗauki nauyin tura tawagar Ingila zuwa Ostireliya a karon farko, ta kuma naɗa Warner kyaftin. Naɗin ya tayar da ƙura, domin an tsallake Archie MacLaren, wanda ya fi shi suna, kuma Warner ko a Middlesex ba shi ne kyaftin ba tukuna. Sakamako ya rufe bakin masu suka. R. E. Foster ya ci maki 287 a Sydney, Bernard Bosanquet ya ruɗa 'yan Ostireliya da wata sabuwar jifa mai juyawa inda ba a zata ba, Ingila ta ci wasa uku cikin biyar.

Abin da ya fi wannan nasara daɗewa shi ne littafin da Warner ya rubuta a kanta. Tun 1882, lokacin da Ostireliya ta doke Ingila a Oval, wata jaridar Landan ta buga ta'aziyyar barkwanci cewa kurket ɗin Ingila ya rasu, za a ƙone gawar a kai tokar Ostireliya. An yi ta raha da maganar na ɗan lokaci, sannan ta kusa ɓacewa. Warner ya sa wa littafinsa na 1904 suna How We Recovered the Ashes, wato yadda muka ƙwato Tokar. Daga lokacin sunan ya kama, har yau kuma gasar ƙasashen biyu da shi ake kiranta. A nan aka fara ganin ƙarfin matsayinsa: shi ya jagoranci wasan, shi kuma ya tsara yadda za a riƙa tuna shi.

Sa'a ba ta bi shi kullum ba. A Afirka ta Kudu a 1905 zuwa 1906 tawagarsa ta sha kashi huɗu da ɗaya. A 1911 ya koma Ostireliya a matsayin kyaftin, ya ci maki 151 a wasan farko, sai ciwo ya kwantar da shi, Johnny Douglas ya karɓi ragama aka ci gasar. Amma ƙarshen wasansa ya zo kamar an tsara. Ya zama kyaftin ɗin Middlesex tun 1908, kuma a 1920, yana da shekara 46, ya sanar cewa kakar ce ta ƙarshe. Ƙungiyar ta ci wasa tara a jere, na ƙarshensu da Surrey a Lord's, inda Warner ya ci maki 79 a zagayen farko, aka yi nasara da ratar maki 55, aka ɗauki kofin gundumomi. 'Yan kallo suka ɗauke shi a kafaɗa. Ya ajiye katako da maki fiye da 29,000 a manyan wasanni, ya kuma kai ɗari sau 60.

Edita, wakili, mai zaɓe

A 1921 ya kafa mujallar The Cricketer, wadda har yau ake bugawa, ya kuma zama wakilin Morning Post, jaridar masu ra'ayin riƙau. Rubutunsa mai sauƙi ne, mai ladabi, cike da tarihi da tunawa da gwanayen da. Ya san wasan ciki da waje, kuma mai karatu yana jin cewa wanda ya taɓa tsayawa gaban ƙwallo ne ke magana. Yana da saurin yabo, musamman ga matasa, yana da nauyin baki wajen suka. A wurinsa kurket makarantar tarbiyya ce, igiya ce kuma da ke ɗaure ƙasashen daular Birtaniya wuri guda. Wannan aƙida ya yi ta wa'azinta shekara da shekaru.

Matsalar ita ce bai tsaya a kujerar 'yan jarida ba. A 1926 shi ya shugabanci kwamitin zaɓen da ya dawo da tsoho Wilfred Rhodes, ya ba Percy Chapman kyaftin, Ingila ta ƙwato Toka a Oval. Wato mutumin da ya zaɓi 'yan wasa da rana shi ne zai gaya wa jama'a da safe ko zaɓen ya yi kyau. A zamanin ba a ɗauki wannan abin kunya ba, domin ana ganin ɗan manya ba zai karkata ba. Muddin ana cin nasara ba tare da rigima ba, babu wanda ya ga tsagar da ke jikin ginin.

Adelaide, 1933

Rigimar ta samo asali ne daga Don Bradman. A 1930 wannan matashi ɗan Ostireliya ya zo Ingila ya ci maki 974 a wasannin Test biyar, adadin da ba a taɓa kaiwa ba har yau. Ingila ta shiga neman maganinsa. Kwamitin Warner ya ba Douglas Jardine na Surrey kyaftin, mutum mai sanyin fuska da taurin kai, wanda ya yi karatu a Winchester da Oxford. Dabarar Jardine ita ce a sa masu jifa da gudu su riƙa saitin jikin mai bugu, a kuma tara masu tsaro kusa da shi ta ɓangaren ƙafarsa. Idan ya kare kansa da katako, ƙwallo ta tashi a cafe. Idan bai kare ba, ta same shi a haƙarƙari ko a ka. A lokacin babu hular kwano a wasan. Jaridun Ostireliya suka raɗa wa dabarar suna Bodyline, wato jifa a saitin jiki.

Wanda aka ɗora wa aikin shi ne Harold Larwood na Nottinghamshire, ɗan albashi, wanda ya fara aiki a ramin haƙar kwal yana da shekara 14. Ana kiyasin gudun jifarsa ya haura kilomita 140 a sa'a, kuma ba ya kuskuren saiti. Ba kowa ne a tawagar ya yarda da dabarar ba. Gubby Allen, ɗan manya kuma yaron Warner a Middlesex, ya ƙi yin irin wannan jifa, aka kuma ƙyale shi. Larwood da abokinsa Bill Voce ba su da wannan gata.

A wasa na uku a Adelaide, ranar Asabar 14 ga Janairu 1933, gaban 'yan kallo fiye da 50,000, ƙwallon Larwood ta daki kyaftin ɗin Ostireliya, Bill Woodfull, a saitin zuciya. Da Larwood ya dawo jifa, sai Jardine ya matso da masu tsaro zuwa tsarin Bodyline a kan mutumin da bai gama farfaɗowa ba. Filin ya ɗauki ihu. Bayan an fitar da Woodfull, Warner da abokin aikinsa Richard Palairet suka shiga ɗakin 'yan Ostireliya don yin jaje. Woodfull ya ce ba ya son ganinsa, ya ƙara da cewa ƙungiya biyu ce a fili, ɗaya tana wasan kurket, ɗayar ba ta yi. Ga mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana wa'azin cewa kurket ita ce mutunci, babu zagin da ya kai wannan. An ruwaito cewa ya fita cikin matsanancin ɓacin rai.

Maganar ta fita a jaridu. Abin lura shi ne inda fushin Warner ya nufa. Ya zargi Jack Fingleton, mai buɗe bugu na Ostireliya, wanda shi ma ɗan jarida ne, da fallasa sirrin ɗaki, har ya yi wa Larwood alkawarin fam guda idan ya fitar da shi da wuri. Fingleton ya musanta zargin har ƙarshen rayuwarsa, daga baya ya ce Bradman ne ya kai labarin, Bradman kuma ya musanta. Ɗan jaridan da ya zama manaja ya fi damuwa da wanda ya kai labari a kan abin da labarin ya ƙunsa.

Ranar Litinin ƙwallon Larwood ta fasa ƙashin kan Bert Oldfield, ko da yake a wannan karo ba tsarin Bodyline ake yi ba, kuma Oldfield da kansa ya ce laifinsa ne. A ranar 18 ga Janairu hukumar kurket ta Ostireliya ta buga wa MCC waya, ta kira dabarar rashin da'a a wasa. MCC, wadda ba ta ga abin da ido ba, ta mayar da martani mai zafi, ta ce a shirye take a soke sauran wasannin. Lamarin ya wuce fili. Ostireliya na cikin ƙuncin karayar tattalin arziƙin duniya, bashin Landan ya yi mata katutu, kuma babu mai son rigima da masu ba da rance. Manajojin Ingila suka nemi taimakon wakilin Birtaniya a Canberra, maganar ta kai ga Firayim Minista Joseph Lyons, daga ƙarshe hukumar ta janye zafin kalmarta. Aka ci gaba da wasa. Ingila ta ci huɗu da ɗaya, Larwood ya fitar da mutum 33, matsakaicin makin Bradman ya sauko zuwa 56.

A duk tsawon wannan lokaci Warner bai fito fili ya soki dabarar ba. Wasiƙun da ya aika gida sun nuna cewa ba ya ƙaunarta, kuma zama da Jardine ya gallabe shi. Masu kare shi suna cewa bisa al'adar wasan manaja ba shi da iko a kan kyaftin cikin fili, kuma fitowa fili zai raba tawaga a ƙasar baƙi. Wannan hujja tana da nauyi. Amma Warner ba manaja kawai ba ne. Shi ne editan babbar mujallar wasan, shi ya jagoranci zaɓen Jardine da masu jifar, shi ne kuma ya rubuta a watan Agusta cewa wannan jifa ɓarna ce. A Ingila duka babu wanda maganarsa za ta fi tasiri. Taura biyu ba ta taunuwa a baki ɗaya, kuma da lokacin zaɓi ya zo, muƙami ya rinjayi alƙalami.

Wanda ya biya bashin

Turawan Ingila ba su gane abin da aka yi da sunansu ba sai da suka gani a gida. A bazarar 1933, a filin Old Trafford, Learie Constantine ɗan Tirinidad, ƙasar haihuwar Warner, da Manny Martindale ɗan Barbados suka juya wa Ingila makaminta. Ƙwallo ta tsaga haɓar Wally Hammond. Jardine ya jure ya ci maki 127, amma ra'ayin jama'a ya juya. Zuwa 1935 an ba alƙalan wasa ikon hana jifar da ke saitin jiki da gangan.

Da Ostireliya za ta zo Ingila a 1934, manyan Lord's suka nemi hanyar sulhu, kuma hanyar da suka samu ita ce Larwood ya nemi gafara. Ya ƙi, yana mai cewa umarnin kyaftin ɗinsa ya bi. Bai sake buga wa Ingila wasa ba. Jardine ma ya bar wasan Test a wannan shekara, amma ba a nemi ya durƙusa wa kowa ba. Larwood ya ƙare da sayar da alewa a wani ƙaramin kanti a Blackpool. A can Fingleton, mutumin da ya sha ƙwallonsa a jiki, ya same shi, ya taimaka masa ya yi ƙaura da iyalinsa zuwa Sydney a 1950. Ƙasar da ta yi masa ihu ita ta karɓe shi, a can ya rasu a 1995. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta.

Warner kuwa ya koma shugabancin kwamitin zaɓe a 1935. A 1937 Sarkin Ingila ya ba shi sarautar Sir saboda hidimar kurket. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shi ya riƙe harkokin Lord's, ya shirya wasannin da suka tara kuɗin agaji suka kuma faranta wa mutanen Landan rai a tsakiyar ruwan bama-bamai. Ya zama shugaban MCC a 1950, kuma a 1958 aka buɗe wata rumfar 'yan kallo a Lord's da sunansa. A littattafansa na baya, kamar Cricket Between Two Wars na 1942, ya nuna rashin amincewa da Bodyline, a lokacin da faɗin hakan ba zai ci masa komai ba.

Abin da ya bari

Ba adalci ba ne a taƙaita shekara kusan saba'in na hidima a kan mako guda a Adelaide. Warner ya ƙarfafa kurket a Karebiyan da sauran ƙasashe, ya ɗaga matasa da yawa, ya kafa mujallar da ta haura shekara ɗari, ya kuma buɗe hanyar da tsofaffin 'yan wasan gundumomi ke bi zuwa ɗakin labarai. Mike Selvey na Middlesex ya daɗe a jaridar Guardian, Vic Marks na Somerset a Observer, Jonathan Agnew na Leicestershire a BBC, Mike Atherton na Lancashire a The Times. Abin da suke sayarwa shi ne abin da Warner ya fara sayarwa, wato ilimin wanda ya taɓa shiga fili. Bambancin shi ne yau da wuya wata babbar jarida ta yarda wakilinta ya zauna a kwamitin da yake rubutu a kansa, kuma labarin 1933 na cikin misalan da ke nuna dalili.

A watan Nuwamban 1962 gundumomin Ingila suka yanke shawarar soke bambanci tsakanin 'ya'yan manya da 'yan albashi, kowa ya zama ɗan wasa kawai. Warner bai ga kakar farko ta sabon tsarin ba. Ya rasu a ranar 30 ga Janairu 1963 a gundumar Sussex, yana da shekara 89, aka watsa tokarsa a filin Lord's, kusa da rumfar da ke ɗauke da sunansa.